Ciwon Ahijo, Lafiyar Biya: Habaicin Siyasa a Garwa

A Garwa, arewacin Kamaru, ba kasafai ake kama sunan shugaba in za a yi masa ba'a ba. Mai shayi na juya madara a kofi sai ya tambaya ko "tsoho" ya dawo daga hutu, ɗan acaba da ke kan benci ya ce ai shi baƙo ne a Yawunde, gidansa na Jeniba. Kowa ya dara, ba wanda ya ambaci kowa. Kara da Fulani da Hausawan garin suka gada tana cikin dalilin wannan salo, amma tsoro ya fi ta yawa.

Tushen abin ranar 4 ga Nuwamba 1982 ne, da Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya sauka bayan shekara 22 yana mulki, ya bar wa firaministansa Paul Biya kujera. Sai dai ya riƙe shugabancin jam'iyyar UNC mai mulki, kuma ba a sarki biyu zamani ɗaya. Shekara ba ta zagayo ba suka raba gari. A 1983 aka tsaga lardin Arewa gida uku, a Fabrairun 1984 aka yanke wa Ahijo hukuncin kisa a bayan idonsa, sannan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu ya jawo wa 'yan arewa kame da kashe-kashe. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, kabarinsa na can har yau.

Daga wannan rauni barkwancin ya tsiro, kuma kusan duk a jikin shugaba yake yawo. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa likitocin Faransa ne suka tsorata Ahijo da ciwo, ya sauka, sai ga shi garau. Ko gaskiya ko ƙarya, labarin ya yi wa masu habaici daɗi: ɗaya ya ji maganar likita ya rasa ƙasa, ɗaya kuwa an hana ko tambayar lafiyarsa. A ƙarshen 1997 aka ɗaure ɗan jarida Pius Njawe saboda rahoton cewa Biya ya ji jiki a wasan ƙarshe na kofin ƙasa. Shi kansa Biya gwanin gatse ne: da aka baza labarin mutuwarsa a 2004, ya ce wa masu jiran jana'izarsa su haɗu nan da shekara ashirin. Shekarun suka cika, jita-jitar ta dawo, a Oktoban 2024 gwamnati ta haramta wa kafafen labarai tattauna lafiyarsa.

Mutanen kudu suna zana nasu habaicin a jaridar barkwanci ta Popoli, ko su rera, kamar Lapiro de Mbanga da waƙarsa ta 2008 ta kai shi kurkuku. Na arewa a baki yake, ba ya barin shaida, kuma a ganina ya fi ɗaci, domin bai bar 'yan gida ba. Isa Ciroma Bakari ya sha ɗauri bayan 1984, ya dawo ya zama kakakin gwamnatin Biya daga 2009 zuwa 2019, har ana yi masa kallon maroƙin fada. Da ya ajiye muƙamin minista ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2025, bakin da ya zambace shi ne ya koma yi masa kirari a titunan Garwa. Hukuma ta ce Biya, mai shekara 92 a lokacin, shi ya ci. Ciroma ya ce shi ne, ya ƙare da neman mafaka a Gambiya.