Jinjina ga Masu Gane Cikin Saniya

A rugagen Tsafe da Bunguɗu, inda rashin tsaro ya sa malamin dabbobi ba ya iya shiga kowane lokaci, akwai makiyayan da suka cancanci yabo: waɗanda suka koyi duba cikin saniya da kansu.

Sun san saniya na neman bijimi kusan duk bayan kwana 21. Idan lokacin ya wuce bayan barbara ba ta nema ba, sai su sa mata ido. Daga wajen wata 6 sukan danna kwiɓinta na dama, su ji ɗan maraƙi ya bugo hannu. Waɗanda suka zauna gaban ƙwararru kuwa sukan sa doguwar safar hannu, su lalubi mahaifa ta dubura tun ciki na wata 2, a hankali, don gaggawa na jawo ɓari, hannu tsirara kuma na ɗauko cutar bakkale.

Albarkacin wannan sani, mai ciki ba ta faɗawa hannun mahautan Gusau, juya kuma ba ta cinye dusar rani a banza. Allah ya ƙara basira, ya albarkaci garke.