A ajiye mana ɗakin wasan yana aiki

A garin Brookfield, kusa da Chicago a Amurka, akwai wani gidan wasa mai suna Galloping Ghost da aka buɗe a 2010. Ɗaruruwan tsofaffin injinan wasan bidiyo ne jere a ciki, irin masu tsayin mutum da ake tsayawa a gabansu, kuma a kunne suke. Sau ɗaya ake biya a bakin ƙofa, daga nan mutum ya yi ta bugawa har ya gaji. Ga Space Invaders na 1978, ga Pac-Man na 1980, ga Street Fighter II na 1991. Akwai irinsa a jihar New Hampshire, wato Funspot, wanda kundin Guinness ya ambata a 2008 a matsayin mafi girma a duniya, sannan akwai Arcade Club a garin Bury na Ingila. Abin ya zama yayi, kuma ina goyon bayansa da zuciya ɗaya, saboda masu waɗannan gidaje sun gane cewa wasa ba ya ajiyuwa a bayan gilashi. Sai an riƙe shi a hannu, an sha kaye, an sake gwadawa.

Mu a Damagaram ba ta waɗannan manyan injina wasan ya fi shigo mana ba. Ta ƙaramin shago ya zo: tele mai ƙeya a kan tebur, benci ɗaya, manet biyu da aka ɗaure wayarsu da salatif, da labule a ƙofa don hasken rana. Da farko Sega ce da ƴan kwaikwayon Nintendo masu kaset, ana Super Mario da Contra da Mortal Kombat. Daga baya PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, ta kawo ƙwallon kamfanin Konami, sai kowa ya zama mai horar da ƴan wasa. Yaro ya tara dala biyar ko goma daga kuɗin karin kumallo, ya bi layi. Dokar ɗakin kowa ya san ta: wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna. Mutum biyu ke riƙe da manet, amma goma ke wasan, wannan na cewa "ba shi ta ƙasa", wancan na ihun "buga mana!" In wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, sai a zauna shari'ar wa ke gaba, mai shago ne alƙali.

Wannan ɗakin ne nake jin tsoron ɓacewarsa. Wayar hannu ta mayar da wasa na mutum ɗaya. Ka bi ta gaban wata fada a Birni ko Zango da dare, shayi na kan wuta, samari na zaune wuri ɗaya, kowa kansa a sunkuye kan tasa wayar. Gidajen wasan da suka rage sun koma sababbin injina da faffaɗar tele, tsofaffin kuwa suna tafiya wurin masu sayen gwangwan, a fasa su don ƴar tagullar da ke ciki.

Na san abin da wani dattijo zai ce, kuma ba zan raina maganarsa ba: wannan kayan Japan ne, me ya haɗa shi da tarihinmu? Ga dara da langa suna mutuwa, ga gidajen Birni masu zanen bango suna zubewa duk damina, alhali tun 2006 Nijar ta sa tsohon garin da fadar Sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Gaskiya ne, kuma su ne a gaba. Sai dai Damagaram gari ne na fatauci. Ayarin da ke zuwa daga Tarabulus ya sauke mana kayan da ba mu muka ƙera ba, muka mayar da su namu. A zamanin Sarki Tanimu maƙeran garin nan har igwa suka zuba, makamin da asalinsa ba na nan ba ne, kuma ba wanda ke cire ta daga tarihin Damagaram. Injin na Japan ne, amma dokar benci, da bashin da mai shago ke bin yara, da dukan da aka sha a gida saboda an tsere daga lakwal ko makarantar allo, duk namu ne. Ba wani gidan tarihi na Amurka da zai ajiye mana su.

Su kansu wasannin suna ɓacewa. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 an daina sayar da su. Wannan a ƙasar da ke da kuɗi da sanyin ajiya ke nan. A Damagaram kuwa ƙurar hunturu na cinye idon da ke karanta faifai, zafin bazara na kumbura kayan ciki, wutar da ke hawa da sauka tana ƙarasa sauran.

Abin da muke da shi wanda masu gidajen wasan Amurka da Ingila suke nema da kuɗi shi ne masu gyara. Mai gyaran rediyo da ke gefen Kasuwar Dole, da ƙarfensa na dalma, ya san yadda ake tayar da tele mai ƙeya, ya san yadda ake haɗa manet biyu matattu a fitar da ɗaya mai rai. Waɗannan mutane suna tsufa, yaransu kuwa gyaran waya suke koyo. In an jira shekara goma, za a iya samun injin a rasa mai taɓa shi.

Don haka roƙona ƙarami ne. Ɗaki ɗaya, a gidan tarihi na jiha ko a Jami'ar André Salifou ko a wani gidan matasa. Tele huɗu ko biyar, faranti mai amfani da hasken rana, mai gyara ɗaya da za a riƙa biya. A nemi tsofaffin masu shago su kawo abin da ya rage a ɗakunan ajiyarsu, a naɗi muryarsu suna ba da labarin sana'ar da Hausa. A haƙa gurbin dara a ƙofar ɗakin, domin mai jiran layi ya samu abin yi. Kuma a sa benci, a karɓi dala goma a hannun duk mai shiga, ita za ta sayi dalma da sabuwar waya.