Daga sutudiyon Sakkwato zuwa Funeral for Justice: yadda jitar Mdou Moctar ta sauya murya

A ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza da Keita, Hausawa da Abzinawa kasuwa ɗaya suke ci. Kel Gres sun daɗe da zama a kewayen Madawa, Keita kuwa da Abalak maƙwabtan juna ne. Shi ya sa kiɗan jita na Abzinawa ba baƙo ba ne a kunnen mutanen nan, yana cikin wayoyin samari, ana jin sa a wurin biki. Makaɗin jitar da sunansa ya fi zagaya duniya daga jihar Tawa shi ne Mahamadou Souleymane, wanda aka sani da Mdou Moctar, ɗan yankin Cintabaradan da Abalak. Jaridun Turai da Amurka suna kiran ƙungiyarsa ƙungiyar rok, suna haɗa shi da Jimi Hendrix. Ni kuwa ina ganin wanda bai saurari faifansa na farko ba, bai san inda muryar jitar nan ta samo asali ba.

Bahago ne, kuma iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba. Bayan ya ga wasan makaɗin jitar Abzinawa Abdallah Oumbadougou sai ya haɗa wa kansa jita da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya tsallaka zuwa Sakkwato ya ɗauki faifan Anar a sutudiyo irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ganga ta na'ura ce, murya kuma an wanke ta da Auto-Tune har tana rawa kamar yadda aka saba ji a waƙoƙin Kannywood na lokacin. Jitar ba ta yin ƙara, a hankali take bin murya, waƙoƙin kuma na bege ne da kewa cikin harshen Tamashek. Masu sharhi na waje sukan wuce Anar da sauri kamar wani gwaji na ƙuruciya. Kuskure ne. A nan ne ya nuna halin da bai rabu da shi ba har yau, wato ɗaukar kayan aikin da ya tarar a hannun maƙwabta ya sa su faɗi abin da ke ransa. Bashin da kiɗansa ya ci a wurin Hausawa ya cancanci a ambace shi.

Ba kamfani ne ya yaɗa faifan ba. Daga waya zuwa waya ya bi ta Bluetooth da katin memori, har waƙar Tahoultine ta faɗa kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya saka ta a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. Daga nan sai Afelan a 2013, wanda aka ɗauka a Cintabaradan, sai wani fim da ya fito a ciki a Agadas a 2015.

Babban sauyi ya zo da Ilana a 2019, faifan da aka ɗauka a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, sannan Afrique Victime a 2021 a kamfanin Matador. A faifan Afrique Victime mutum huɗu ne: Mdou, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar bas, wanda kuma yake haɗa sauti. A kasa kunne ga waƙar Afrique Victime kanta, mai tsawon fiye da minti 7. Ahmoudou yana riƙe da zagaye ɗaya bai saki ba, Souleymane yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan ba tare da mai sauraro ya ankara ba, Mdou kuma da yatsunsa tsura yake kaɗa tsirkiya, yana hawa yana sauka, har jitar ta koma kururuwa. Shi da kansa ya faɗi cewa ya kalli bidiyon Eddie Van Halen ya ƙaru. Amma ƙashin bayan kiɗan takamba ce, wadda ake yi da molo da ƙwarya, ƙarar kuma ta filin biki ce: janareto yana ruri, an buɗe lasifika har ƙarshe, ƙura ta tashi, samari suna neman a ƙara wuta. Wanda ya taɓa tsayawa a bikin Abzinawa da dare ya san wannan amo tun kafin wani ya kira shi rok.

Funeral for Justice, wanda ya fito a watan Mayu na 2024, shi ne mafi zafi. Bege ya ja baya, fushi ya shigo gaba. Waƙar Oh France tana tuhumar tsohuwar uwargijiya Faransa, a Nijar, ƙasar da aka shekara fiye da 50 ana haƙar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyuka da yawa ba su da lantarki. Imouhar tana kira ga Abzinawa su riƙe harshensu. Takan fara can ƙasa-ƙasa kamar tsohon kaset, sai ta fashe gaba ɗaya. Inda nake da ja shi ne, a wasu wurare ƙarar jita tana danne murya, alhali a kiɗanmu na Sahel magana ce gaba, ko a bakin mawaƙin Hausa Ɗan Anace ko a bakin Oumbadougou. Faifan da ya zo da saƙo mai nauyi haka bai kamata kalmominsa su nutse ba.

Gyaran ya zo ta hanyar da ba a so. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya tarar da ƙungiyar tana wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, hanyar gida ta toshe. Cikin wannan zulumi suka shiga sutudiyo a Brooklyn suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice, tun kafin faifan ya fito, da jita mara lantarki, aka fitar da su a Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. A nan murya ta fito fili, amshi ya samu wuri, kuma ya tabbata waƙoƙin suna tsaye da ƙafafunsu ko babu ƙara. A ganina wannan ne faifan da ya fi kusa da Anar.

Ina kira ga gidajen rediyon al'umma na Madawa da Buza da Keita su riƙa saka waɗannan faya-fayai bi da bi, su gayyato masu jin Tamashek su fassara wa masu sauraro da Hausa. Bai dace a san waƙoƙin ɗan jihar Tawa a Landan fiye da yadda aka san su a Adar ba.