Jan Waken Borno da Hannun da Ya San Shi

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, amma ba kowane wake ne ake loda shi a Kasuwar Muna ta Maiduguri a nufi Legas da shi ba. Jan waken Borno, mai manyan ƙwaya da ɗan zaƙi, shi ne ake rububi a kansa. Iri ne na gado, wanda manoman Biu da Damboa da bakin Tafkin Cadi suka riƙe tun kafin zuwan sababbin iri daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya.

Duk gwanintar tana wajen sanin lokaci. Manomi ba ya gaggawar shuka shi da ruwan farko. Sai gero ya tashi an yi masa noman firi, sannan a sa wake a tsakanin kunyoyi, wajen watan Yuli. Tsohon iri ba ya fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina. Wanda ya yi sammakon shuka, ganye zai tara. Da an girbe gero, rana ta sauko wa wake, sai ya yi yaɗo, ya ƙarasa nuna da sauran danshin ƙasa da raɓa. Saiwarsa kuma tana ƙara wa gona ƙarfi, harawarsa ta ciyar da tumaki har rani.

Lokacin roro, gogaggen manomi yakan ware dogayen kwanso masu cikar ƙwaya, waɗanda tsutsa ba ta huda ba, ya shanya su daban. Irin baɗi ke nan. Ya cuɗa shi da toka, ko ya ɗura a jarka ya toshe bakin tsaf, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu. Ni dai na fi yarda da wannan a kan barbaɗa maganin da ba a san ƙa'idarsa ba.

A madafa kuwa, sabon jan wake ba ya wahalar da itace. Uwargida ta tsince, ta ɗora, ta jefa ’yar kanwa kaɗan, don in ta yi yawa wake ya yi baƙi ya dagargaje. Sai ya yi laushi a matse tsakanin yatsu kafin gishiri ya shiga, sannan manja da albasa da attaruhu da bandar kifin Baga.

Rikicin da ya raba dubban manoman Borno da gonakinsu ya raba wasu da irinsu ma. Duk wanda ke da ragowar tsohon iri a gida, don Allah ya ɗiba ya ba maƙwabci kafin damina ta kama.