Jinjina ga Iyaye Mata Masu Goyon Jinya

A ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, naƙuda kan zo da dare, ga hanya ba aminci saboda 'yan bindiga. Kafin a kai babban asibitin Ƙanƙara ko Funtuwa, wani jaririn ya galabaita. Ya faɗo bai yi kuka ba, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa.

Daga nan aikin uwa ke farawa. Bai iya kama mama, sai ta tatsa ta ba shi da cokali, ɗigo-ɗigo. Wata shida wuya bai tsaya ba, maƙwabta na raɗa wai ɗan ruwa ne, ita kuwa tana murza gaɓoɓinsa yadda masu gashin ƙashi na asibitin Shika suka koya mata.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne mai ɗan fari. Al'ada ta ce ta yi kunyarsa, kada ta ambaci sunansa. Sai ta ajiye kunyar, ta kalli idonsa, ta yi masa tawai, ta jira ya amsa. Ƙwaƙwalwar jariri da irin wannan hira take ginuwa.

Sannunku, iyayenmu. Allah Ya ba yaran lafiya.