Ranar da maƙwabci ya ɗauki bindiga: nazarin littafin Peyroulou a kan Gelma

A littattafan tarihin da muke koyarwa da su, 8 ga Mayu 1945 ranar murna ce: Jamus ta miƙa wuya, yaƙi ya ƙare a Turai, mazan jiya sun fara ɗaure kayan komawa gida. A gabashin Aljeriya kuwa, a ranar nan ce aka buɗe ƙofar wani kisa da bai lafa ba sai ƙarshen watan Yuni. Mafi yawanmu sunan Setif muka sani. Jean-Pierre Peyroulou, a littafinsa Guelma, 1945 : une subversion française dans l'Algérie coloniale, wanda maɗaba'ar La Découverte ta fitar a 2009, ya juya mana fuska zuwa Gelma, ɗan ƙaramin gari na manoman alkama kusa da iyakar Tunisiya, kuma yana da hujjar yin haka.

A yankin Setif sojoji ne suka yi mafi yawan aikin, da jiragen sama da na ruwa. A Gelma farar hula ne. Turawa a garin ba su wuce mutum ɗaya cikin biyar ba, kuma tsoro ya daɗe yana cin su tun da ƙungiyar Ferhat Abbas, wato AML, ta cika gari da ƙauye. Kumandan yankin, André Achiary, tsohon kwamishinan ƴan sanda a Aljas wanda ya taimaki saukar sojojin ƙawance a Nuwamba 1942, shi ya tara su ya mai da su rundunar tsaron kai, aka raba musu bindigogi. Ya kafa kwamitin da ya kira na ceton jama'a, da wata kotu wadda babu dokar da ta san da zamanta. Can ake karanta suna, a ɗora mutum a mota, a nufi bayan gari da shi, sau da yawa wurin da ake kira Kef el-Boumba.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne inda ya tsaya ya duba su wane ne ke riƙe da bindiga, su wane ne kuma ake kaiwa bayan gari. Mai karatu zai so a ce masa wasu ƴan tsageran masu gonaki ne suka aikata. Peyroulou ya hana shi wannan sauƙin. Cikin rundunar akwai ma'aikatan gwamnati da masu kanti da ma'aikatan jirgin ƙasa, akwai ƴan mazan jiya a siyasa, akwai kuma ƴan gurguzu da ƴan ƙungiyar ƙwadago, mutanen da jiya-jiya suke alfahari da adawa da gwamnatin Vichy. Waɗanda aka kashe kuma ba a cikin duhu aka tsince su ba. Da takarda aka bi su: ƴan AML, ƴan sikawut na Musulmi, ɗaliban madarasa, ƴan ƙwadago, duk wani matashin da ya yi karatu har ya iya ɗaga murya. Sojan da aka kawo daga nesa bai san gidan kowa ba. Maƙwabci ya san ƙofar, ya san sunan uba, ya san wanda ya taɓa gaya masa baƙar magana a kasuwa. A cikin garin Gelma kansa ba a kashe Bature ko ɗaya ba. Goma sha biyu aka kashe a gonakin kewaye. Marubucin ya ƙiyasta Musulmin da aka hallaka a yankin tsakanin 1,500 da 2,000.

Sai maganar gawawwaki, wadda karatunta ke da nauyi a zuciya. Da aka ji ministan cikin gida, Adrien Tixier, yana tafe a ƙarshen Yuni, sai aka tono waɗanda aka binne, aka kai su matoyar farar ƙasa ta Héliopolis aka ƙone. Kwamitin bincike na Janar Tubert an dakatar da shi tun bai taka Gelma ba. Iyalai sun kai ƙara, takardun sun yi ta yawo daga ofis zuwa ofis har suka mutu, shugabannin rundunar kuma ba su ga kurkuku ba. Peyroulou ya bi wannan yawon takardu da haƙurin mai tsince tsakuwa a gero, ya nuna yadda hukuma ke rufe laifin da ba ita ta ba da umurninsa a rubuce ba, amma take tsoron masu aikata shi.

Daga nan ya gina babbar hujjarsa, wadda ke cikin sunan littafin: abin da ya faru a Gelma tawaye ne na Turawan Aljeriya ga dokar Faransa kanta, kuma shi ne mafarin abin da ya zama ƙungiyar OAS a 1961. Akwai zaren da ke goyon bayansa. Achiary ɗin nan sunansa ya sake fitowa a harin bom na titin Thèbes, a tsohon garin Aljas, cikin Agusta 1956, ya kuma ƙare rayuwarsa a Ispaniya, matattarar tsoffin ƴan OAS. Duk da haka a nan ne na fara ja da marubucin. Wanda ya san ƙarshen labari yakan ga ƙarshen a ko'ina. Ƴan OAS sun harbi jami'an Faransa, sun nemi ran De Gaulle. Mutanen Gelma kuwa kumandan gwamnati ne ya tara su, bindigar gwamnati suka ɗauka, jandarmomi na tsaye suna kallo, wasu ma da hannunsu a ciki. Kiran wannan tawaye yana iya wanke Paris fiye da yadda ta cancanta. Ni a ganina mulkin mallaka ne ya nuna ainihin fuskarsa ranar da ya ji ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa.

Ƙorafina na biyu na murya ne. Littafin daga kundin digirin dakta ya fito, kuma majiyarsa mafi yawa rahotannin ƴan sanda ne da alƙalai da kumandoji. Sunayen ƴan birni sun samu shiga. Talakan ƙauye, wanda aka harbe a bakin gonarsa, ya zama lamba. Don haka nake ba abokan aiki shawarar su haɗa shi da ɗan littafin Marcel Reggui, Les massacres de Guelma, wanda ya rubuta a 1946 bayan an kashe masa ƴan uwa maza biyu da mace ɗaya, ya ajiye shi bai buga ba, sai a 2006 ya fito bayan rasuwarsa. Reggui malamin makaranta ne, yana da takardar zama ɗan Faransa, ya yarda da alkawarin da lakwal ta yi masa. Rubutunsa na mutumin da alkawarin ya ci amanarsa ne. Masu koyar da Faransanci kuma suna da Nedjma ta Kateb Yacine (1956): an kama Kateb a yankin Setif yana ɗan shekara 15, asalin danginsa kuma daga yankin Gelma ne. Wanda ya karanta Peyroulou zai gane dalilin da ya sa labarin Nedjma yake a kakkarye, yana kewaya wuri ɗaya kamar mai neman kabari bai samu ba.

Fim ɗin Rachid Bouchareb, Hors-la-loi, wanda ya tayar da ƙura a bikin Cannes na 2010, shi ne ɗalibanmu suka fi iya gani, kuma shi ya fi buƙatar gyara. Ya matse kisan makonni cikin ƴan mintoci a titin Setif, harbi ta taga, mutane na faɗuwa. Hoton na girgiza zuciya, amma yana koya wa yaro cewa hauka ce ta yini ɗaya. Jerin sunaye da kwamiti da motar da ke zuwa kowace safiya ba su shiga fim ɗin ba, alhali su ne zuciyar lamarin.

Akwai wurin da labarin ya taɓo mu, ba kuma daɗi gare shi ba. Cikin sojojin da aka tura murƙushe yankin Kusantina akwai waɗanda ake kira tirailleurs sénégalais, sunan da ya haɗa duk sojojin da aka ɗiba daga Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda Nijar ke cikinta. Muna girmama mazan jiya, kuma sun cancanta. Amma darasin da ya ambaci Provence ya tsallake Setif rabin darasi ne. Haka nan, a wannan zamani da ƙauyukan kan iyaka ke kuka da ɓarayin daji, ana ta maganar a ba jama'a makamai su kare kansu, na ga ya dace ƙungiyoyinmu na al'adu su zauna kan babin da ke bayanin kafa rundunar. Halin ba ɗaya ba ne, manomin da aka sace wa shanu ba Baturen mallaka ba ne. Tambayoyin dai suna nan: wa ke rubuta sunaye, wa ke riƙe da mabuɗin ma'ajiyar bindigogi, gaban wane alƙali za a kai ɗan sa-kai in ya yi kisa?

Faransa ta ɗauki shekara sittin kafin jakadanta a Aljas, Hubert Colin de Verdière, ya tsaya a Setif a Fabrairu 2005 ya amsa cewa abin da aka yi ba shi da uzuri. Magajinsa Bernard Bajolet ya je Gelma a 2008. Adadin matattu na yankin gaba ɗaya har yau ana jayayya a kansa: hukumar Aljeriya na cewa 45,000, rahotannin Faransa na lokacin ba su kai 2,000 ba, Turawan da aka kashe kuma 102. Littafin ya kai shafi kusan 400, Faransancinsa na jami'a ne, ɗan aji na ƙarshe a lise ba zai iya shi shi kaɗai ba. Malami ne zai karanta, ya zaɓi shafi goma, ya mai da su Hausa, ya shiga aji da su a makon 8 ga Mayu.