Kuskure da rashin tabbas: sharhi kan gwajin lilo a ajin fizik

Manufar wannan sharhi ita ce duba yadda takardun aikin gwaji na lise da na shekarar farko ta jami'a suke koyar da awon g, wato saurin faɗuwar abu, ta hanyar lilo. Tsarin sananne ne: a auna tsawon zare L da lokacin zuwa da dawowa T, sannan a lissafa g = 4π²L/T². Illa biyu ne ke tattare da shi.

Ta farko, takardun suna umartar ɗalibi ya gwada sakamakonsa da 9,81, ya kira bambancin « kuskure ». To amma 9,81 ƙimar Paris ce. A Yamai, Maraɗi ko Damagaram, da suka fi kusa da tsakiyar duniya, g kusan 9,78 ne. Ke nan ɗalibin da ya yi aiki da kyau shi ake tuhuma, kuma sannu a hankali ya koyi gyara alƙalumansa don su dace da littafi.

Ta biyu, ba a tambayar iyakar abin da kayan awo za su iya nunawa. A ɗauki zare na mita 1, da shakkar milimita 1, a ƙirga lilo 10 cikin daƙiƙa 20,1, da shakkar daƙiƙa 0,2 ta hannun mai riƙe da agogo. Shakkar lokaci kashi 1 cikin 100 ce. Tun da T ninke yake da kansa, ta g ta zama kashi 2. Abin rubutawa shi ne 9,8 ± 0,2, ba 9,7716 da na'urar lissafi ke bayarwa ba. Sai an ƙirga lilo 100 shakkar ke sauka zuwa kusan 0,02, a fara ganin bambancin Paris da Nijar.

Tun 1993, jagoran GUM da ISO ta buga ya raba kuskure, wanda ba a iya saninsa daidai, da rashin tabbas, wanda ake ƙiyastawa. Ya kuma tanadi a ninka kowace shakka da kanta kafin a tara, maimakon tarawa kai tsaye. Ya kamata malamai su ba da maki kan hujjar ± da ɗalibi ya kawo, ba kan kusancinsa da 9,81 ba.